Sababbin Haƙorana da Tattabarun Ammu Dardir

Yau da safe a layin gas, wata baiwar Allah da ban taɓa gani ba ta ɗaga damin albasa ta sauke mini a tsakar ka. Ban taka mata ƙafa ba, ban shiga gabanta ba, ina tsaye ne da tukunyata ina lissafin ko gas ɗin zai kai kaina kafin gwiwata ta ƙare. Ta ƙare mini kallo ta ce, "Kai ne! Wallahi kai ne na allon nan! Masoyin ƙura! Allah ya cika maka ƙirji da abin da kake so!" Layi kaf ya amsa da amin, har da mai sayar da gas ɗin, mutumin da bai taɓa amsa sallamata ba. Na dawo gida ba gas, sai albasa biyu da suka maƙale a aljihun jallabiyata. Uwargida Ummu Samih ta karɓe su ta ce wannan ce rana ta farko da na je layi na dawo da wani abu.

To jama'a, ga shi dai ɗan'uwanku Farghali, tsohon kwandastan bas mai ciwon gwiwa, ya yi suna. Ku gyara zama in faɗa muku yadda aka yi, don ni ma sai daga baya aka sanar da ni.

Mu a Ezbet Gimmeza, nan ƙarshen Alƙahira ta kudu, Allah ya haɗa mu da babban maƙwabci, wato Kamfanin Siminti na Farin Wata. Maƙwabci ne mai kyauta, ba ya rowa. Kowace safiya sai ya aiko wa kowane gida rabonsa ta taga, ba ya tambayar addininka ko jam'iyyarka. Ummu Samih ta shanya baƙar abaya, ta kwashe ruwan toka. Ka manta kofin shayi a baranda, ka dawo ka tarar ya fara ɗaurewa. Ni ba na ƙorafi, ina ba da labari ne kawai. Wanda ya yi ƙorafi shi ne Ammu Dardir.

Ammu Dardir maƙwabcina ne, katangarmu ɗaya, kuma kowa Ammu, wato baffa, yake ce masa har waɗanda suka girme shi. A saman benensa akwai hasumiyar katako da mahaifinsa ya kafa, a cikinta kuma akwai tattabarun da yake ƙauna fiye da yadda yake ƙaunar surukansa, shi da kansa yake faɗa. Da la'asar ta yi zai hau, ya buɗe ƙofofi, ya ɗauki tutarsa, wani tsohon zanen gado da aka ɗaure a gora, ya kama fito. Sauran masu kiwo su ma su hau nasu. Garke ya shiga garke a sama, kowa yana kiran nasa, kuma duk baƙuwar tattabarar da ta biyo naka ta sauka a rufinka, ta zama taka. Mai ita sai ya sauko shagon shayin Bunduƙ, ya tsaya a gaban jama'a ya roƙa, a yi masa tsiya iya son rai kafin a mayar masa. Ammu Dardir bai taɓa zuwa roƙo ba. Yana da wata tsohuwar ja mai suna Hanim, jikar jikar tattabarun mahaifinsa, ita ke jan garken, kuma duk inda ta karkata nan sama take karkata.

Sai tattabarun suka fara mutuwa. Za ka ji su da asuba suna wani irin numfashi mai ƙara, shila kuwa ba ta kai ta yi gashi sai a tsince ta a bushe. A daidai lokacin ne kamfani ya nemi izinin kafa bututun hayaƙi na biyu, wai na farko kaɗaici ya dame shi. Ammu Dardir ya ce idan na biyu ya tashi, babu tsuntsun da zai rage masa. Ya zuba matattun a kwali ya tafi ofishin Mai Girma Wanda Kullum Yana Taro. Aka ce masa yana taro. Ya ajiye kwalin a kan teburin sakatariya ya buɗe, sakatariya ta ƙwala ihu, wani mai jiran sa hannu ya ɗauki hoto da waya, kafin magariba hoton ya zagaye gari. Hukuma ta girgiza ƙwarai, girgizar da ta kai ta kafa kwamiti. Ni na raɗa masa suna Kwamitin Shaƙar Iska, don aikinsa ke nan: ya zo, ya shaƙa, ya faɗa mana ko muna numfashi.

Nan ne Ustaz Hazim ya shigo rayuwarmu. Kamfani ne ya ɗauko shi daga can cikin gari, daga ofishin masu wanke wa manya suna. Saurayi ne mai santsin fuska, turarensa yana riga shi shiga lungu, takalminsa kuwa har ƙurarmu kunyar hawa kansa take yi. Muka sa masa Basha, laƙabin manyan masu mulki na da, tun kafin ya nema. Ya zauna a shagon Bunduƙ ya ce a ba kowa shayi. Bunduƙ, wanda ba ya iya riƙe magana a ciki, ya tambaye shi, "Basha, wai ku ne masu shirya wa kamfani ƙarya?"

Basha ya dafe ƙirji. "Haba Mu'allim Bunduƙ! Ƙarya? Mu ba ma taɓa ƙarya. Gaskiya ce take fitowa daga wanka ba shiri, mu kuma mu miƙa mata kaya."

"To wa ya zaɓi kayan?"

"Mai biyan tela," in ji Basha, ya yi dariya, mu ma muka yi, don shayin kyauta ne.

Ba a jima ba wata safiya na hango dogon layi a bayan makarantar firamare. Kun san tarbiyyarmu: idan ka ga layi, ka shiga tukuna, tambaya sai ka kusa gaba. Na ruga gida na ɗauko tukunyar gas na bi sahu. Da na iso gaba babu gas, sai wata yarinya mai murmushi ta ɗora mini hular hana-sallah, ta zura mini riga mai hoton farin wata a kan jallabiyata, ta danƙa mini kwalin koshari mai zafi, dafa-dukar nan tamu ta shinkafa da taliya. Ta ce, "Ammu, yi dariya." Wanda aka ba koshari da sassafe ai ba sai an roƙe shi dariya ba. Na wage baki, wani abu ya yi walƙiya, aka tura ni cikin bas ni da tukunyata. Ban farga ba sai ga ni a ƙofar ofishin Mai Girma Wanda Kullum Yana Taro, cikin ɗaruruwan masu huluna, ana ta ihu, "Muna son bututu! A ba mu bututu!" Abin mamaki, ranar ba ya taro. Ya fito baranda ya ɗaga mana hannu, har da share ƙwalla.

Na dubi na kusa da ni, wani ƙato mai muryar da ta fi lasifika. Na ce, "Ɗan'uwa, kai a wane layi kake a Gimmeza? Ban waye ka ba."

Ya ce, "Gimmeza kuma? Nan ne sunan wurin? Ni daga Shubra nake, can arewacin gari, Hajji. Jiya ni manomi ne mai godiya ga takin zamani, shekaranjiya mai ciwon suga ne da shayin wani kamfani ya warkar. Gobe ban sani ba, an dai ce in zo da sanda." Ya gyara murya ya ci gaba, "Bututu! Bututu!" Wallahi ya fi ni kama da ɗan unguwa.

Bayan 'yan kwanaki allon talla ya tashi a mahaɗar unguwa, tsawonsa ya kai bene uku. Ga ni nan a sama, amma wane ni! Sun cike mini baki da haƙora farare tas, waɗanda ko lokacin da nake ango ban mallaki irinsu ba. Sun mayar mini da gashi, sun goge tamojin goshi, sun cire tukunyar gas sun sa mini fure a hannu. A ƙasa an rubuta: "Hajji Farghali, Shugaban Ƙungiyar Maƙwabta Masu Godiya: Tun da na tare kusa da Farin Wata ban taɓa tari ba." Ina karantawa tari ya sarƙe ni sai da na dafa turken wuta.

Babu wanda ya gane ni. Farghali suna da yawa, mai haƙora kuwa babu ko ɗaya a layinmu. Ummu Samih ta tsaya a ƙarƙashin allon da kwandon cefane, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Abu Samih, ka ga mutum? Ina ma irin wannan ne ya zo gidanmu wancan lokacin." Na ce ni ne. Ta ce, "To ka hau ka sauko da shi, kai ka zauna a can."

Mutum ɗaya ne ya gane. Na hau benen Ammu Dardir da la'asar na tarar yana ɗura wa wata shila ruwa da bakinsa. Bai ɗago ba ya ce, "Kunnuwan naka ne, Farghali. Sun gyara komai, kunnuwan sun fi ƙarfinsu." Maganar ta soke ni, don mun haura shekara talatin muna buga domino a tebur ɗaya. Na zauna na kwashe labarin layi da koshari da ƙaton Shubra na faɗa masa. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe bai sake shi ba. Da ya samu numfashi ya ce, "Kosharin dai ya yi daɗi?" Na ce ya ji albasa. Ya ce to ba a yi asara duka ba.

Daga nan Basha ya buɗe wuta ta ko'ina. Aka kawo wani Shehin Malami a talabijin, mai gilashi a kan hanci, ya bayyana cewa ƙurar siminti tana da sinadarin ƙarfafa ƙashi, mutanen Gimmeza suna shan magani kyauta ba su sani ba. Da aka tambaye shi batun tattabaru ya ce tsuntsu halitta ce mai saurin ɗaukar damuwar mai shi, idan mai kiwo ya cika ƙorafi dole su mutu. A wayoyi kuma wasu mutane suka ɓullo rana ɗaya, kowanne hoton fure ne a madadin fuskarsa, kowanne ya ce shi haifaffen Gimmeza ne, dukkansu kuma sun rantse da kalmomi iri ɗaya cewa kamfanin wata ƙasa ne yake biyan Ammu Dardir. Mutumin da wayarsa ko hoto ba ta nunawa, sai jikarsa ce take karanta masa zagin da yamma, yana gyara mata inda ta yi tuntuɓe.

Basha har benen ya hau da kansa, ina wurin. Ya tsaya nesa da kashin tattabaru ya ce, "Ammu Dardir, rigimar me muke yi? Mun gina hasumiyar tattabaru a harabar kamfani, fara sol, da famfo da fitila. Ka kawo naka su tare, mu naɗa ka Jakadan Tsuntsaye. Akwai albashi, akwai hula."

"Hular Farghali?"

"Wadda ta fi ta."

"Ɗana," in ji Ammu Dardir, "ka ga waccan jar? Idan ka shawo kanta ta bi ka, ni ma zan biyo. Amma ka sani ba ta cin koshari."

Basha ya yi murmushi, ya duba ƙasan takalminsa, ya sauka.

Ranar zuwan kwamiti, jama'a, ban taɓa ganin Gimmeza haka ba. An kashe wutar kamfani tun jajibiri. Motocin kashe gobara, waɗanda ba su zo ba ranar da gidan burodi ya ƙone, sun zo sun wanke bishiyoyi ganye-ganye. Inda babu bishiya aka sauke ta daga babbar mota da tukunyarta. Muka wayi gari sama shuɗiya, har ƙaramin jikan Bunduƙ ya fashe da kuka ya ce wani abu ya samu sama. Ni kuwa na sa rigata da hulata na nufi ƙofar kamfani, tunda ni ne Shugaba. Mai gadi ya dubi allon, ya dube ni, ya ce, "Kai ne Hajji Farghali? To ni ne Sarkin Ingila. Hajji Farghali yana ciki tun ɗazu." Na leƙa, sai ga ƙaton Shubra a kujerar gaba, an rina masa gashi, yana ta gaisawa da manya da haƙoransa. Na ce Allah ya taya Shugaba riƙo, na juya na hau benen Ammu Dardir, inda ake hango harabar tar.

Shirin Basha shi ne da azahar a saki fararen tattabaru daga sabuwar hasumiyar a gaban kwamiti, a ce ga tsuntsayen da suke zaune lafiya a gindin bututu. Tattabarun kuwa kowa ya san daga kasuwar Juma'a aka kwaso su cikin kwanduna, ko ruwan Gimmeza ba su taɓa sha ba. Sai dai Ranka-ya-daɗe Shugaban Kwamitin Shaƙar Iska da tawagarsa sun fara aikinsu ne daga ɗakin cin abinci, kuma sun yi bincike mai zurfi. Aka ci, aka sha, aka kawo kunafa, kayan zaƙin nan, aka sake kawowa don tabbatarwa. Sannan jawabi. Ranka-ya-daɗe ya ja numfashi a gaban lasifika har sau uku, ya ce shi dai bai ji komai ba sai ƙamshi. Kafin a zo kan tattabaru an kira la'asar an idar.

La'asar kuwa ba ta san da kwamiti ba. Ammu Dardir ya buɗe ƙofofinsa kamar kullum, don ko ranar da aka binne matarsa sai da ya buɗe su. Hanim ta fita, 'yan tsirarun da suka rage suka bi ta. A can kuma aka buga ganga, aka ja igiya, fararen kamfani suka tashi fiye da ɗari, manya suka kama tafi. Suka yi sama, suka tsaya suna shawagi, ba su san gabas ba, ba su san gida ba.

Na ji Ammu Dardir ya ce a hankali, "Ya Allah. Farghali, riƙe mini hulata."

Ya sa yatsu biyu a baki ya yi wani fito da na tabbata an ji shi a Giza, can tsallaken kogi. Ya kaɗa zanen gadon nan hagu, Hanim ta karya hagu ta shige tsakiyar fararen. Ya kaɗa dama, ta fito ta ɗaya gefen, sai ga fararen sun bi bayanta kamar 'yan makaranta. Tsohon da ke hawa bene yana hutawa sau huɗu, ga shi yana tsalle a kan katako yana ihu, "Zagayo da su, 'yar albarka! Kada ki bar ko ɗaya! Zagayo!" Sauran masu kiwo suka ga abin da ke faruwa, suka kira nasu suka sauke, suka bar masa sama shi kaɗai. Rufin gidaje ya cika. Mata suna guɗa, yara suna buga murfin tukunya, Ummu Samih tana kaɗa abayarta mai ruwan toka. Hanim ta zagaya da su saman kan kwamiti sau biyu, kuma an ce wasu daga cikin fararen sun bar wa Ranka-ya-daɗe shaida a kafaɗar kwat. Sannan Ammu Dardir ya jefa wata macen tattabara sama ya watsa dawa, Hanim ta naɗe fiffike ta sauko, farin girgijen nan kaf ya zubo a kan benen. A kaina, a kafaɗarsa, a kan igiyar shanya, ko'ina fari. Ya buɗe hannuwa yana dariya yana hawaye, ni ina ta rawa da hula biyu.

Bunduƙ ya ba da shayi kyauta daga aljihunsa, abin da dattawa suka ce ba su taɓa ji ba ko a tarihi. Muka jera kujeru muna jiran Basha ya zo roƙo kamar yadda al'ada ta tanada, kowa ya wasa harshensa. Ya zo kuwa, turarensa a gaba. Bunduƙ ya ce, "Basha, an ce ka yi ɓatan kaya?" Wani ya ce, "Ko a kira Shehin Malami ya duba, wataƙila damuwarka suka ɗauka!" Shago ya kece da dariya, Basha ya fi kowa yi. Ya kama hannun Ammu Dardir da hannu biyu ya ce, "Mabruk, Ammu, na taya ka murna. Ka riƙe su duka, kamfani ya bar maka." Muka ɗauka kunya ce ta sa shi. Ni har tausayinsa na ji.

Washegari hoton ya fito a jaridu, a talabijin, a kowace waya. Ammu Dardir ne a kan benensa, hannuwa a buɗe, fuska cike da farin ciki, lafiyayyun tattabaru sun lulluɓe shi, a bayansa bututun Farin Wata ya miƙe cikin shuɗiyar sama. Ashe mai hoton Basha yana kan rufin makaranta. A ƙasa aka rubuta: "Mutumin da ya ce tsuntsaye na mutuwa a Gimmeza." Ba su ƙara ko kalma ba, kuma babu kalmar ƙarya a ciki. Kwamiti ya ba da rahoto cewa iskar unguwar ta kai ingancin da garken mutum ɗaya ya ninka a yammaci guda, a gaban idon membobi. Aka ba da izini. Mai Girma Sarkin Almakashi ya zo ya yanke ƙyalle, ƙaton Shubra ya yi godiya a madadinmu.

Na tare Basha ranar da yake kwashe bishiyoyinsa. Na ce, "Don girman Allah faɗa mini, ka shirya haka ne, ko sa'a ka taka?"

Ya ce, "Hajji, da sun koma hasumiyarmu, da na rubuta cewa suna son kamfani. Da sun gudu, da na rubuta cewa mun 'yanta su. Sun sauka a gidan abokinka, na rubuta abin da ka gani. Ni ban damu da inda tsuntsu zai sauka ba, ni dai a bar mini layin da ke ƙasan hoto." Ya dafa kafaɗata ya ce in gaida Shugaba.

Bututu na biyu ya kama aiki, kyautar safe ta ninka. Fararen suka fara komawa ruwan toka, sannan suka fara irin numfashin nan. Ammu Dardir bai sake zuwa ofishin kowa ba. Ya ari motar mai kankana, ya zuba tattabarun duka a kwanduna, nasa da na kamfani, ya kai su ƙauyen ƙanwarsa a Fayyum, inda akwai ruwa da dabino da iskar da ba a kafa mata kwamiti ba. Ya dawo da kwanduna wayam. Yakan zauna a shagon Bunduƙ, a raba domino ya riƙe nasa bai buga ba. Da la'asar kuma sai ya tashi ya hau bene, ya buɗe ƙofofin da babu kowa a ciki. Ni nakan bi shi, don ban san abin da zan ce masa ba, kuma a sama ba sai an yi magana ba.

Jiya muna zaune a can sai ya miƙe tsaye. Ni ban ga komai ba sai hayaƙi. Can sai ga ɗigo ja ya keto ta tsakanin bututun biyu, wasu 'yan kaɗan a bayansa. Ammu Dardir ya fizgi zanen gadon ya kama kaɗawa da ƙarfi, ba kaɗawar kira ba, ta kora. "Koma! Koma, wawiya! Me kika manta a nan? Na kai ki inda ake numfashi, kin dawo ki mutu? Koma, don Allah!" Hanim ta zagaya sau ɗaya, ta sauka a kan gorar da yake korarta da ita, ta gangaro zuwa hannunsa. Ƙura ta rufe jan nata, ƙirjinta yana ta bugawa. Ya saki tutar, ya zauna, ya cika baki da ruwa ya ɗura mata, yana zaginta ƙasa-ƙasa da zagin da ake yi wa 'ya'ya. Na juya baya na kama kallon tankin ruwa, don ni ma idona ya cika, kuma ba ƙura ba ce.

Da ya natsu ya ce, "Farghali, duba rufin makaranta. Akwai mai hoto?" Na duba na ce babu. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Da gobe ka gani a allo: har tsuntsaye suna dawowa Gimmeza." Sannan muka jiƙa buhuna muka rataye a jikin hasumiyar, ko za su tare wani abu. Na san Basha ba zai ga wannan shafin ba, mutanensa ba sa karanta abin da ba shi da hoto.

Saura batun mai albasa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, allon nan ya daɗe a tsaye ba wanda ya gane ni, me ya sa sai yau? Ummu Samih ta ce in je in duba da idona. Na je na ɗaga kai. Jama'a, bututu biyu sun yi aikinsu: gashin ya yi furfura, raɓa ta tsaga goshin layi-layi, haƙoran nan sun dushe har ba a ganinsu, furen hannun ya koma wani dunƙule mai kama da tukunyar gas. Ni ne sak, har da alamar tari. Kamfani dai ya faɗi gaskiya sau ɗaya, kuma bai biya kowa ba.

Uwargida ta ce gobe in koma layin in tsaya kusa da matar nan, in cire hula don ta gan ni da kyau. Wai albasa ta samu, tumatir ne babu.